Yadda ake tayar da jirgi mara matuƙi a yankin Ƙonni ba tare da an shiga hannu ba

Ɗan jirgin nan da masu hoton biki ke kira duron ya iso mu. Ana ganinsa bisa ayarin amarya, ko yana shawagi kan gonakin albasa na Galmi, yara na binsa da gudu. Abin sha'awa ne, amma a halin tsaron da ake ciki, jami'in da ya ji ƙugin nan a sama ba hoton biki zai fara kawowa a ransa ba.

Fara da takarda tun kafin ka biya kuɗi. Hukumar ANAC da ke Yamai ce ke kula da jiragen sama na farar hula a Nijar. Rubuta mata, ka faɗi samfurin jirgin, nauyinsa, lambarsa, da aikin da za ka yi da shi. In daga Sakkwato ko Kano za a kawo shi, a nuna wa duwan, kada a cusa shi cikin buhun kaya.

Takardar Yamai ba ta isa ba. Je ka sanar da ofishin firefe da jandarmomi rana da awa da wurin, sannan ka gaida mai gari. Shi mutane za su fara kai wa ƙara.

Sai zaɓen wuri, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Daga Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato tafiyar 'yan mintoci ce, iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta tsallakar da jirginka wata ƙasa. A can kuwa, tun 2016 sai da izinin hukumar jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Nisanci iyaka ɗungurungum. Haka bariki, shingayen bincike, kamfanin siminti na Malbaza, madatsun ruwan Mozage da Zongo, da filin saukar jirgi na Galmi, inda ƙananan jirage ke sauka saboda asibiti.

Duba ko jirginka na shelar kansa. Sababbin samfura suna watsa lambarsu, tsayinsu da inda mai tuƙin yake tsaye, ta Wi-Fi ko Bluetooth. Amurka ta wajabta wannan a 2023, Tarayyar Turai a farkon 2024. Kada ka nemi mai gyaran waya ya kashe maka shi; shi ke nuna inda jirgin yake da inda ka tsaya.

A sama, kada ka wuce mita 120, iyakar da Turai ta sa, kuma kada jirgin ya ɓace wa idonka. Ban da dare, ban da kan 'yan kasuwa. Da hunturu ƙura na cika injinansa, da bazara batir na kumbura, don haka ka tashi da sanyin safiya.

Abin da ya fi damuna shi ne gidaje. Tsakar gidanmu a buɗe take, makewayi ba rufi, mata na harkarsu ba mayafi. Izinin hukuma bai halatta maka leƙen gidan maƙwabci ba. Juya kyamara zuwa fili, in uwar gida ta ce a sauke, a sauke.

Idan jami'i ya tsayar da kai, sauko da jirgin nan take, ka miƙa takardunka, ka nuna masa hotunan da ka ɗauka. Don Allah, ɗan'uwa, kada ka bar gida ba kwafin izini a aljihunka.