Matashi Mai Fure

Kwarashi ɗan ƙarfe ne siriri, tsawonsa bai cika taƙi guda ba, bakinsa a lanƙwashe. Sunan daga harshen Faransa ya fito, ma'anarsa kuwa 'yar ƙugiya. Masaƙi ba ya aiki sai ya kafa masaƙa ya ja zare mai tsawo, amma mai kwarashi tana zaune bisa tabarma, da ƙarfenta da curin zare, ta saƙa hular jariri, ko safa, ko rigar matashi.

Wannan ɗan ƙarfe ya taɓa ciyar da gidaje masu yawa. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a ƙasar Ailan, ga shi kuwa shi ne abincin talakawan ƙasar. Aka yi yunwa shekara da shekaru, har mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. Sai aka shiga koya wa mata da 'yan mata saƙar kwarashi. Suna saƙa furanni da ganyaye da farin zare siriri, ana sayar wa mawadata, su kuwa su sayi abinci da kuɗin.

A ƙasashen Turai, in sanyi ya wuce, wajen watan Maris da Afrilu, ƙasa takan cika da furanni. A ƙasar Hausa sai damina ta sauka ake ganin haka. Yarinyar da ke neman furen da za ta kwaikwaya ba sai ta yi nisa ba, ta leƙa bayan ɗaki da sassafe ta dubi kuɓewa. Furenta kunne biyar gare shi, launinsa rawaya mai haske, tsakiyarsa ja wur. Yini guda yake yi ya yanƙwane, saboda haka gara a zana shi tun da safe.

A kan takarda mai gida-gida ake zanen, irin ta littafin lissafi. Kowane gida ɗaya yana madadin ƙulli ɗaya na saƙa. A cika gidajen kunnuwan da rawaya, na tsakiya da ja, na ganye da kore, sauran a bar su fari. Furen zai fito da gefe kamar matakala, amma wannan ba aibu ba ne, in an ja da baya kaɗan ido ba ya ganinsa.

Kafin a soma, akwai gwaji biyu. Na fari, a yanki guntun jan zaren a jiƙa shi da ruwa da sabulu, a matse shi cikin farin ƙyalle. In ƙyallen ya yi ja, to zaren mai zuba ne, ranar wankin fari zai ɓata aikin mako uku. Na biyu, a saƙa ɗan ƙyalle ƙarami a auna, domin hannun kowa daban ne, wata tana tsuke zare, wata tana saki. In ƙulli 4 ya ba da inci ɗaya, matashin kuwa inci 16 ake so, sai a ce 4 sau 16, watau ƙulli 64 ke nan a kowane layi. Ashe lissafi yana da rana har a wurin saƙa.

Da sarƙa ake farawa. Mai saƙa ta yi zarge a bakin zaren, ta sa kwarashi a ciki, ta ɗauko zare ta jawo ta cikin zargen, ta yi ta maimaitawa har sarƙa ta kai 64, ta ƙara ɗaya ta juyawa. Sa'an nan ta komo baya. Ta soka kwarashi cikin sarƙa, ta jawo zare, zarge ya zama biyu a jikin ƙarfen. Ta sake ɗauko zare ta jawo ta cikin biyun gaba ɗaya. Ƙulli ɗaya ya samu ke nan. Haka za ta yi ta yi da farin zare, layi bisa layi, har ta iso inda ganye ya soma a takarda.

Nan ne gwaninta take. Wadda ba ta sani ba takan gama farin ƙulli sarai, sa'an nan ta ɗauki kore, sai launin ya zame gefe, ganye ya fito a karkace. Gwana kuwa tun tana cikin ƙullin ƙarshe na fari, sa'ad da zarge biyu ke jikin ƙarfen, sai ta saki farin, ta jawo koren ta cikinsu. Da haka kowane launi yake tsayawa a gidansa daidai. Farin da ta saki ba ta yanke shi. Takan kwantar da shi bisa layin, ta riƙa saƙawa a kansa, yana tafiya a ɓoye cikin saƙar har inda za a sāke bukatarsa. In ta ja shi da ƙarfi saƙar ta tattare kamar bakin jaka, in ta sake shi da yawa ya leƙo ta gaba. Tsakanin biyun nan hannu ne ke koyo, baki ba ya iya faɗa.

Wani abin lura kuma, saƙa tana zuwa tana komowa, saboda haka takardar ma haka ake karanta ta: layi ɗaya daga dama zuwa hagu, na bisansa daga hagu zuwa dama. In an gama layi a ja masa fensir, kuma a ƙidaya. Ƙulli ɗaya in ya salwanta ba a gane ba, bayan layi goma gefen matashin ya soma shigewa ciki. Maganinsa ɗaya ne, a zare kwarashi a ja zaren, saƙar ta warware har wurin kuskuren. Da ciwo, amma zare ba ya asara, lokaci kaɗai ya tafi.

Bayan matashin ba ya bukatar fure, launi ɗaya ya isa. A haɗa gaba da baya a ɗinke gefe uku, a bar na huɗu da maɓalli don a riƙa cirewa a wanke. Cikin kuwa audugar rimi ta fi, domin ba ta da nauyi, ga laushi. Sai dai ba a zuba ta kai tsaye cikin saƙa, don za ta riƙa fita ta ƙofofin. A ɗinka mata jaka ta farin yadi tukuna, a cire 'ya'yan da ke cikinta, a shanya ta ta bushe sarai. Audugar rimi tana kama wuta nan da nan, saboda haka da rana ake ɗura ta, nesa da murhu da fitila.