Yadda Muka Haɗa Fayilolin PowerPoint Su Zama Kamar Tashar Jirgin Ruwa

A wannan makon, mu 'yan kulob ɗin jarida mun kawo muku darasin kwamfuta da muka koya bayan mun ji kunya a gaban baƙi.

A zangon da ya wuce aka ce mu nuna wa iyaye bayanin Masarautar Yauri ta majigi. Muka kasu rukuni huɗu. Rukunin farko ya ɗauki ƙaramar hukumar Yauri, da garin Yelwa, da albasarmu, da bikin Rigata. Na biyu ya ɗauki Ngaski mai hedikwata a Wara, da tsohon Birnin Yauri. Na uku ya ɗauki Shanga. Na huɗu ya ɗauki Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a kan Kogin Kwara a 1968, har ruwa ya cinye gungaye da ƙauyuka aka sake wa mutane matsuguni.

Muka zuba komai a fayil guda mai shafuka da yawa. Muna cikin bayanin albasa, sai wani dattijo ya ce shi gungayen da ruwa ya cinye yake son gani, don a can aka haifi mahaifinsa. Muka yi ta danna gaba, gaba, muna neman shafin, har man janareta ya ƙare bai gani ba. Abin ya dame mu ƙwarai.

Daga baya malaminmu na kwamfuta ya ce mana, fayil guda kamar titi ne, sai ka bi gari bayan gari. Amma idan aka haɗa fayiloli, sun zama kamar tashar jirgin ruwa, daga nan sai ka nufi gungun da kake so, ka dawo. Ga yadda ake yi:

1. A buɗe folda guda, a sa duk fayilolin a ciki. Namu su ne Yauri, Ngaski, Shanga da Kainji. Sai a ƙirƙiri na biyar mai shafi ɗaya. Mu Tasha muka sa masa suna.

2. A cikin Tasha, a shiga Insert, a zaɓi Shapes, a zana akwatuna huɗu. A rubuta sunan fayil ɗaya a kan kowane akwati.

3. A danna akwatin farko, a koma Insert, a zaɓi Action. A ƙarƙashin Hyperlink to, a nemi Other PowerPoint Presentation, a nuna fayil ɗin Yauri. Kwamfuta za ta tambayi shafin da ake so ya fara buɗewa. A zaɓa, a danna OK. Haka za a yi wa sauran akwatunan.

4. A yi hanyar dawowa. A kowane shafi na fayilolin huɗu, a zana ƙaramin akwati a rubuta "Koma Tasha". A ba shi Action, amma a wannan karon End Show za a zaɓa. Idan aka danna shi, fayil ɗin zai rufe, Tasha ta bayyana. Maɓallin Esc ma yana yin wannan aikin.

5. A cikin Tasha, a shiga Transitions a cire alamar da ke kan On Mouse Click. In ba haka ba, duk wanda ya kuskure akwati ya danna fili, nunin zai ƙare.

6. A adana, a danna F5, a gwada kowane akwati ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kurakurai biyu da muka yi, kada ku maimaita. Na farko, mun kwashe Tasha kaɗai a filashi zuwa wata kwamfutar, sai akwatunan suka ƙi buɗe komai. Dalili kuwa, Tasha ba ta ɗauke da sauran fayilolin, hanyar zuwa wurinsu kawai ta sani. Dole a kwashe folda gaba ɗaya. Na biyu, wata daga cikinmu ta canza sunan Kainji zuwa Tafki bayan mun gama haɗawa, nan ma hanya ta ɓace. Jirgi ba ya kai mutum gungun da matuƙi bai san sunansa ba.

Amfanin wannan bai tsaya a kanmu ba. Malami zai iya ajiye kowane darasi a fayil ɗinsa, ya haɗa su a tasha guda lokacin bita kafin jarrabawa. Kowane rukuni kuma zai gyara nasa ba tare da ya ɓata na wani ba. Kuma duk wannan ba ya buƙatar intanet ko data.

Mun riga mun shirya sabuwar foldarmu don taron iyaye mai zuwa. Muna fata Baba zai dawo, don yanzu danna ɗaya zai kai shi Kainji. Wanda yake son gwadawa ya same mu ranar taron kulob bayan an tashi.