Idan Mota Ta Ƙi Gudu a Hanyar Lagdo

Direban da ya ɗauko kifi daga bakin tafkin Lagdo da asuba, yana son ya riski kasuwar Garwa kafin rana ta take, babu abin da ke tayar masa da hankali kamar mota ta yi masa sanyi tun bai kai Ngong ba. Ya taka totur har ƙasa, injin ya ƙi wuce zagaye 2,500 ko 3,000 a minti. Giya ta liƙe a ta biyu ko ta uku. Ga 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar injin ta kama a gaban sitiyari.

Jama'a su sani, da gangan motar ta yi haka. Motocin zamani suna da kwamfuta mai karɓar rahoto daga ƙananan na'urori masu auna iska, da zafi, da mai, da matsayin totur. In rahoto ɗaya ya zo mata bambaraƙwai, ko ya yanke, sai ta rage ƙarfin injin don kada a ƙona shi, ta bar wa direba ɗan abin da zai kai shi gareji.

A nan ne akasari ake ɓata lamari. Wani ya cire kan batir na 'yan mintoci, fitila ta mutu, mota ta saki jiki, ya ce ya warkar da ita. Abin da ya yi kawai shi ne share bayanin da kwamfuta ta ajiye, cutar kuwa tana nan, za ta dawo, wataƙila a tsakiyar hawan dutsen Mbe a hanyar Ngaundere. Wani kuma makanike ya sa shi saye-saye da ka: yau filogi, gobe famfon mai, jibi a ce giya ce dungurungum.

Alhali tambayar motar ake yi. Tun 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka ɗaukar tsarin OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Yawancin motocin hannu 'yan Beljiyam ɗin da ke yawo a arewacin Kamaru suna da shi: soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. A jona na'urar bincike, wadda makanikan da suka koyi aiki da Faransanci ke kira valise, sai ta fito da lamba. P0101 na nufin ma'aunin iskar da ke shiga injin yana ba da rahoton da bai dace ba. P0300, wuta tana tsallake a silinda. P0299, turbo ba ya hura iska yadda ya kamata. P0700 kuwa nuni ne cewa a leƙa kwamfutar giya.

Ita lambar, unguwa kawai take nunawa, gano gidan aikin makanike ne. Kuma a ƙasarmu masu laifin sanannu ne. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, ta lulluɓe ma'aunin da ke bayanta. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya, wanda ake kira zuwa-zuwa, yakan zo da ruwa ko datti ya cushe matatar mai. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana dafa man giya da ya daɗe ba a canza ba. Ga gargadar hanya mai sassauta soket, ga ɓera mai cin waya. Waɗannan ake fara dubawa, don su ne masu araha.

Direba kuma ya lura da launin fitila. In ruwan ɗorawa ce tsaye, ya tafi a hankali zuwa gareji mafi kusa. In tana ƙyaftawa, ko jar fitilar baƙin mai ko ta zafi ta kama, ya sauka gefe ya kashe nan take, ya nemi wata motar ta kwashe kifin. A gareji ya ce a rubuta masa lambar a takarda kafin a goge ta.