Mentone: Babban Gari Mai Mutum 22

A ƙasar Amurka akan raba jiha gunduma gunduma, kusan kowace gunduma kuwa tana da garin da ake ajiye ɗakin shari'a da ofishin haraji da littattafan filaye. Wannan shi ne babban garin gundumar, kome ƙanƙantarsa. Bari mu duba ɗaya daga cikinsu, sunansa Mentone, a Gundumar Loving, can yammacin jihar Teksas.

Faɗin gundumar murabba'in mil 677 ne. Amma da aka yi ƙidaya a 2020, mutum 64 kaɗai aka samu a cikinta, babu wata gunduma a Amurka duka da ta kai ta ƙarancin mutane. A Mentone kansa mutum 22 aka ƙirga. Mai karatu, watakila gidanku ya fi wannan gari yawan jama'a!

Me ya kawo haka? Rashin ruwa ne. Ƙasar fako ce, sai rairayi da ƙaya. Ruwan saman da ke sauka a shekara bai cika wuce inci 10 ba, na Kano ya ninka shi wajen sau uku. Kogin Pecos ya bi ta gefen gundumar, amma ruwansa zartsi ne, ba ya shawuwa da daɗi.

Sunan gundumar na Oliver Loving ne, wani falken shanu wanda mayaƙan kabilar Comanche suka harba a bakin kogin nan a 1867, ya mutu saboda raunin. A 1893 waɗansu mutane suka kafa hukumar gunduma, suka ce za su jawo ruwan kogi a yi noman rani. Abin bai yiwu ba, suka watse. A 1897 majalisar jihar ta rushe hukumar, wurin ya zauna shekara 34 ba shi da hukumar kansa.

Man fetur ne ya komo da mutane. Da aka same shi, aka shata gari a 1925, aka ce da shi Ramsey. A 1931 aka sake kafa hukuma, garin ya ɗauki sunan Mentone, a 1935 kuma aka gina ɗakin shari'a. Ƙidayar 1940 ta sami mutum 285 a gundumar.

To, amma mai ba ya kashe ƙishirwa. Shekara da shekaru da mota ake jigilar ruwan sha daga waɗansu garuruwa, iyalai suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. A 1972 aka rufe makaranta don yara sun ƙaranta, sauran aka riƙa kai su garin Wink, a wata gunduma dabam.

Har yau ana haƙar mai da iskar gas da yawa a wurin, manyan motoci suna ta kai da kawowa dare da rana. Yawancin ma'aikatan baƙi ne, iyalinsu suna wani wuri. Duk da haka gundumar tana da alƙalinta da magatakarda da shugaban 'yan sanda, kuma 'yan mutanen nan su ke zaɓensu da ƙuri'a.