Filin Shawarwari: Mutanen da Ƙaramar Sana'a Ke Jingina da Su

Wasiƙa

Tambayar mai wannan wasiƙa, wadda ta nemi a sakaya sunanta, ita ce yadda mai ƙaramar sana'a zai samu mutanen da za su dafa masa har sana'ar ta bunƙasa, idan ba shi da uban gida a kasuwa kuma ba shi da kowa a gwamnati. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli ce a wata unguwa ta wajen ganuwar Kano, ta shekara shida tana yi tare da mata biyu da take biya kullum, amma jarin bai taɓa wuce na buhu uku ko huɗu ba, domin kaka takan riske ta ba kuɗi a hannu, kafin kuɗin su taru kuma gyaɗa ta riga ta yi tsada. Ta shiga adashi sau biyu, na farko ya tafi lafiya, na biyu ya watse kafin kwasarta ta zo. Dangi da maƙwabta kuwa suna ɗaukar man gyaɗa bashi, kunya ta hana ta bin sawu. Yanzu ƙanin mijinta ya yi tayin zuba kuɗi a riƙa raba riba, wasu kuma suna cewa ta nemi rancen banki, don haka take roƙon Malam mai kula da wannan fili ya haska mata wanda ya fi, da ƙofar da za ta fara ƙwanƙwasawa. Allah ya ƙara wa Malam basira.

Amsa

Allah ya sa albarka a neman Malama. Ko da yake ta ɗauki matsalar a matsayin ta ƙarancin kuɗi, abin da wasiƙar ta nuna shi ne ƙarancin lamuni, wato amincewar da ke sa ɗan kasuwa ya ba wani kaya yau ya karɓi kuɗi bayan mako biyu, ko ya tsaya masa a gaban wanda bai san shi ba. A kan wannan amincewar aka gina kasuwancin Hausawa na nesa tun zamanin fatake. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda masu gida na can ke sauke 'yan kasuwar da suka kawo shanu daga Arewa, su haɗa su da dillalai, a sayar wa mahauta bashi, mai gidan ya ɗauki alhakin ganin an biya. Mai shanun bai san mahaucin ba, mai gidan ya sani, kuma mutuncinsa ne jinginar cinikin. Irin wannan mutum Malama ta rasa, kuma ba a gadonsa, ana samunsa ne da yawan ciniki da cika alkawari.

Saboda haka ƙofar farko tana kasuwar da take sayen gyaɗa, ko Dawanau ce da ke kan hanyar Katsina a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ko wata kasuwar ƙauye. Masu ƙaramin jari sukan yi ta yawo daga rumfa zuwa rumfa suna neman ragin da bai taka kara ya karya ba, su kwashe shekaru ba wanda ya san fuskarsu. Ya fi mata amfani ta tsaya ga dillali ɗaya ko biyu waɗanda aka shaida da gaskiyar awo, ta biya la'adarsu, wato ladan da mai shiga tsakani ke karɓa, ba tare da ƙorafi ba, har a saba. Idan an yi watanni a haka sai ta nemi a ba ta buhu ɗaya lamuni, ta kuma biya kwana guda kafin ranar da aka yanka, ko da hakan zai sa ta takura a gida. Buhu ɗayan da aka biya a kan lokaci shi ke jawo uku a kaka mai zuwa, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da sabuwar gyaɗa ke cika kasuwa.

Sai dai lamuni ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya, domin wanda bai san ranar da kuɗinsa za su shigo ba bai isa ya yanka wa wani ranar biya ba. A nan ne masu saye na dindindin suka shigo: masu tsire da ke buƙatar ƙuli don haɗa yaji, masu ƙosai da masu sayar da abinci da ke shan mai kullum, da masu shagon da ke sari da jarka. Mutum biyar irin waɗannan da aka yi yarjejeniya da su a kan adadin mako da ranar biya sun fi masu sayen kwalba-kwalba hamsin. Batun dangi kuwa, gaskiya ne bashi hanji ne yana cikin kowa, amma bashin da ba a rubuta ba kyauta ce da ba a yi niyya ba. Littafi ɗaya na ciniki, da iyakar abin da za a iya bayarwa a wata, da ɗora wa ɗaya daga cikin ma'aikatan alhakin karɓo kuɗi, sun isa su ɗauke wa Malama nauyin kunyar, tunda abin da bakinta ba zai iya faɗa wa gwaggo ba littafi zai faɗa.

Watsewar adashinta ba dalili ba ne na guje wa haɗa kai da abokan sana'a. Raunin adashi shi ne komai nasa yana rataye a wuyan uwar adashi, ba rubutu, ba asusu, ba inda za a kai ƙara. Ƙungiyar gama kai, wato taron masu sana'a ɗaya da suka zuba hannun jari suka zaɓi shugabanni suka yi rajista, tana toshe wannan kafa, kuma dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993 ta amince mutum goma su kafa ta, su yi rajista a ofishin da ke kula da ita a jiharsu. Idan masu matsar mai goma suka buɗe asusun da ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu ko uku, suka tsara zubinsu ya cika gab da kaka, za su iya sayen gyaɗa a dunƙule, su raba kuɗin mota da na ajiya, wata rana ma su mallaki injin matsa na kansu. Kishi tsakanin masu sana'a ɗaya abu ne sananne, shi ya sa ya kamata a fara da waɗanda unguwanninsu suka bambanta, don kada a yi ta karo a kan mai saye ɗaya.

Hukumomi suna da nasu gurbin, amma a bayan waɗannan. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ita ke ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'a. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003 don ƙananan masana'antu, tana ba da horo. Lambar NAFDAC kuma wajibi ce ga wanda zai ɗura mai a roba mai tambari ya kai manyan shaguna, inda doka ta ce sai an ƙara masa sinadarin bitamin A. Rancen banki bai dace da Malama a bana ba, domin kowane banki zai nemi ganin tarihin shige da ficen kuɗi, ita kuwa ba ta fara rubutawa ba. Idan lokacin ya yi, kuma tana ƙyamar kuɗin ruwa, akwai bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, masu tsarin murabaha, inda banki ke sayen injin ya sayar wa mai sana'a da ribar da aka sani tun farko, a biya kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya zo da fom ɗin tallafi yana neman a biya shi kafin a samu, a sallame shi tun daga zaure.

Tayin ƙanin miji abin dubawa ne, kuma shari'a ta san irinsa da sunan mudaraba, wanda malaman Malikiyya ke kira ƙiradi: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince, kamar rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ba wani adadin kuɗi tsayayye ba, idan kuma aka yi asara ba da sakaci ba, mai dukiya ne ke ɗaukar ta, mai aiki ya tashi da asarar wahalarsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda dangi ba su cika son ji ba, don haka a faɗe shi a fili tun kafin kuɗi su shiga hannu, a rubuta a gaban maigidanta da shaidu biyu. Ya kuma kamata a taƙaita yarjejeniyar ga gyaɗar kaka ɗaya, a ware littafinta daban da na sauran cinikin, a yi lissafi idan buhun ƙarshe ya ƙare, sannan kowannensu ya duba ko yana son a sake.