Darasin Kariya: Tsare Ɗaki da Tsare Rai Idan Tsohon Miji Yana Barazana

Zuwa ga iyayenmu da 'yan'uwanmu mazauna Nima, Maamobi da sauran unguwannin Zango na Accra. Darasin wannan fitowa daga sashen kariya yake. Ya shafi matar da aurenta ya mutu, ko ta rabu da manemi, amma shi ya ƙi rabuwa da ita: yana kiranta da tsakar dare, yana tare ta a lungu, yana aiko mata cewa sai ya ga bayanta. Da mace za mu yi magana domin mata abin ya fi samu, amma duk abin da muka faɗa ya shafi namiji idan shi ake yi wa barazanar. Mai iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba, a keɓe.

Abu guda muke so ki riƙe, 'yar'uwa: shirunki shi yake karewa, ba ke ba. Tsaronki yana kan ƙofa mai ƙarfi, mutanen da suka san halin da kike ciki, shaidar da kika adana, da doka.

1. Ki ɗauki barazana da gaske

Masu aikin kare mata a duniya sun daɗe da sanin cewa lokacin rabuwa da watannin da ke biye da shi sun fi kowane lokaci haɗari. Mutumin da ya saba juya ki yana ganin ikonsa ya suɓuce, sai ya nemi dawo da shi da ƙarfi. Ga alamomin da ba a jira a kansu:

- Ya taɓa shaƙe miki wuya, ko da sau ɗaya ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya nuna cewa haɗarin kisa ga matar da aka taɓa shaƙewa ya ninka fiye da sau 7.
- Ya ce zai kashe ki, ko yaran, ko kansa.
- Yana yawo da wuƙa ko adda, ko ya ambaci fetur ko ruwan batir.
- Yana bin sawunki, ko ya sa wasu suna kai masa labarinki.
- Yana cewa in ba shi ba, babu mai aurenki.

Idan ko ɗaya ta same ki, ki nemi taimako yau, kada ki bari sai gobe.

2. Ƙofa da taga

Yawancinmu ɗaki ɗaya muke haya a gidan da ya tara iyalai da yawa, ƙofar gida kuma a buɗe take wuni. Don haka ƙofar ɗakinki ce abin dubawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan ya taɓa riƙe makullin ɗakin, ki ɗauka yana da wani, ko da ya mayar miki da naki. Ki sanar da mai gidan haya, ki canza kwaɗo ko makullin gaba ɗaya. Ki sa kafinta ya kafa sakata biyu ta ciki, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da kusoshi masu tsawo da suka shiga katakon bakin ƙofa sosai. Sakata mai tsada a kan ruɓaɓɓen katako ba ta tare kowa. Ya kuma huda ƙaramar kafa da za ki leƙa kafin ki buɗe.

Taga ta samu ƙarfe da labule mai kauri. Amma ki tuna gobara: makulli ya kwana a wuri guda kusa da ƙofa, inda babban yaro ya sani. Kada ki kulle yara ta waje ki tafi kasuwa.

Ki ajiye tocila da usur kusa da shimfiɗa, waya kuma ta kwana da caji saboda ɗaukewar wuta. Wuƙaƙe, taɓarya da galan ɗin kananzir kada su kwana a bakin ƙofa inda hannun mai shigowa zai fara kaiwa.

3. Maƙwabta su ne katangarki

A gidan haya bango siriri ne, kowa yana jin kowa. Abin da a da kike jin kunyarsa, yau shi ne kariyarki. Ki zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙon amana, kamar matar mai gida, maƙwabciyar ɗaki, da mai koko ko mai shagon bakin lungu. Ki nuna musu hotonsa, ki faɗa musu ƙarara: ba a ba shi izinin shiga ba, kada a gaya masa inda kika tafi. Ku yi yarjejeniya a kan alama, misali bugun bango sau uku, ko wata kalma da in kika faɗa a waya za su gane a kira 'yan sanda.

Gare ku maƙwabta: Dokar Hana Cin Zarafi a Cikin Gida ta Ghana, wato doka mai lamba 732 ta shekarar 2007, ta ba duk wanda ya san abin da ke faruwa damar kai rahoto, ba sai wadda aka zalunta ba. Cewa "maganar miji da mata ce" ba ta ceci kowa ba.

4. Hanya da yara

Wanda ya zauna da ke ya san lokutanki: fitar asuba zuwa famfo, zuwa ban ɗakin unguwa da dare, tashar da kike shiga mota, wurin da kike kasa kaya a kasuwar Nima. Ki riƙa sauya lokaci da hanya. Bayan magariba kada ki bi lungu ke kaɗai. Ki bi titi mai haske da jama'a ko da ya fi nisa.

Ki je makarantar boko da ta Islamiyya da kanki, ki ba malamai sunayen waɗanda kaɗai za su ɗauki yaran. Ki koya wa yara abu uku: ba a buɗe ƙofa sai Umma ta ce, ba a shiga tsakanin manya idan rigima ta tashi, a ruga ɗakin wance a kira taimako. Ba sai kin zagi ubansu a gabansu ba. Maganar riƙon yara, ganinsu da kuɗin ciyarwa kuwa, Dokar Yara ta 1998 ta ɗora ta a kan kotun iyali, kuma Sashen Jin Daɗin Jama'a yana taimakawa. Ba a ƙofar ɗaki da dare ake yanke ta ba.

5. Waya

Ki canza lambar sirrin wayarki da ta MoMo, da ta Facebook da WhatsApp. Ki kashe abin da ke nuna inda kike, ki daina ɗora hoton da ke nuna ƙofar gidanki. Da yawa cikinmu da katin shaidar wani aka yi wa layinmu rajista. Idan da sunansa aka yi, layin da kuɗin da ke ciki suna hannunsa. Ki kwashe kuɗinki, ki nemi layi da sunanki.

Kada ki goge saƙonnin barazana. Ki ɗauki hotonsu, ki tura su tare da saƙon murya zuwa wayar amintacciya. Ki sami ɗan littafi ki rubuta rana, lokaci, wuri, abin da ya faɗa da wanda ya gani, da ajami ko da boko. Idan yana tsorata ki da yaɗa hotunan tsiraici, wannan laifi ne a Dokar Tsaron Intanet ta 2020. A kira 292.

6. Abin da doka ta tanada

Doka ta 732 ba ta tsaya a kan mai aure ba. Ta haɗa da tsohon miji, manemi, da wanda kuka haihu tare ko ba aure. Ba duka kaɗai ta hana ba. Barazana, tsangwama, bin sawu da ƙwace dukiya duk suna ciki. Ko yana cewa kina cikin idda, ko ya ce ya mayar da ke, wannan magana ce ta malamai, ba ta ba shi izinin fasa ƙofa ko taɓa jikinki.

Ki je ofishin 'yan sanda mafi kusa, kamar na Nima, ki nemi DOVVSU. Wannan sashe ne na 'yan sandan Ghana da aka kafa a 1998 domin mata da yara, ya koma wannan suna a 2005. Shigar da ƙara kyauta ne. Ki tafi da littafinki da wayarki, ki rubuta sunan jami'in da ya saurare ki. Idan akwai rauni za a ba ki takardar likita; ki kai ta asibitin gwamnati, kamar Babban Asibitin Maamobi, tun raunin yana sabo. Idan kuɗi ya tsaya miki, ki sanar da mu. Idan fyaɗe ne, ki isa asibiti kafin awa 72, domin maganin kariya daga cutar HIV a cikin wannan lokaci yake aiki.

Sannan akwai umarnin kariya daga kotu. Alƙali yana iya hana shi zuwa gidanki da wurin sana'arki, ya hana shi kira ko aike. Na wucin gadi yana kaiwa wata 3, na ƙarshe yana kaiwa wata 12, kuma ana iya tsawaita shi. A keɓe ake sauraron wannan buƙata. Wanda ya karya umarnin zai iya shan tara ko ɗaurin da ya kai shekara 2. Takarda ba ta tare wuƙa, shi ya sa muka fara da ƙofa da maƙwabta, amma tana ba ɗan sanda hujjar kama shi tun daga bakin lungu. Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA suna taimaka wa marar kuɗin lauya.

7. "Zan sa a mayar da ke ƙasarku"

Wannan barazana ta fi kowace rufe bakin 'yan gudun hijira. Ki sani, shi ba shi da wannan iko. Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana ce ke yanke hukunci kan matsayinki, a ƙarƙashin dokar 1992, kuma kai ƙarar cin zarafi ba laifi ba ne. Dokar Ghana tana kare duk wanda ke cikin ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo. Idan fayil ɗaya kuke da shi, ki zo ki nemi a raba, a kuma canza lambar wayar da ke ciki. Idan ya riƙe katinki ko takardun yara, ki sanar. Ba ma gaya wa kowa inda kike, kuma kina da damar neman mace ta saurare ki, mace ta yi miki tafinta.

8. Sulhu da kwashe kaya

Liman, Sarkin Zango da Magajiya suna da daraja, maganarsu tana sanyaya zukata da yawa. Amma inda aka ambaci kisa ko aka zare makami, sulhu baya maye gurbin 'yan sanda. Iyaye, kada ku mayar da 'yarku hannun wanda ya shaƙe ta don gudun surutun mutane. Kuma kada a tara samarin unguwa su yi masa duka. Hakan yana mayar da mai gaskiya mai laifi.

Kada ki amsa kiran "zo mu yi magana ta ƙarshe" ko "zo ki kwashi kayanki" ke kaɗai. Ki tafi da rana, tare da dattawa ko ɗan sanda. Tukwane da katifa ana sake saye.

9. Jakar gaggawa

Ki haɗa ƙaramar jaka ki ajiye a ɗakin amintacciya: katin gudun hijira, katin inshorar lafiya, takardun haihuwar yara, magunguna, kuɗin mota, makulli na biyu, kaya kala biyu, da lambobin waya a takarda. Ki san tun yanzu gidan da za ki kwana idan dole ta sa, gidan da bai sani ba. Akwai matsugunan sirri na mata. Ta hannun DOVVSU ko ta hannunmu ake kaiwa gare su.

Idan ya zo: kada ki buɗe, kada ki tsaya musu ta taga. Ki kira, ki busa usur, ki bugi bango. In ya shigo, ki nufi ƙofa da tsakar gida, ki ɗaga murya ki kira maƙwabta da sunayensu.

Lambobin da za a haddace

- Gaggawa: 112
- 'Yan sanda: 191 ko 18555
- Cibiyar Orange ta Ma'aikatar Mata da Yara, kiran kyauta: 0800 111 222

Aikin wannan mako

Ki duba sakatarki. Ki faɗa wa mutum biyu. Ki haɗa jakarki. Ki koya wa babban yaronki lamba 112. Wadda take son mu zauna mu tsara mata nata shirin, ta nemi jami'in kariya. Ba sai ta faɗi dalili a gaban mutane ba. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.