Gani Ya Kori Ji? Yadda Fim Ke Juya Zuciyar Mai Kallo

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya shiga gidajenmu, yau kuma ya shiga aljihunmu ta waya. Duk mun taɓa kallon da ya sa gabanmu ya faɗi ko idonmu ya cika da ƙwalla. Mukan ce labarin ne ya taɓa mu. A darasin wannan mako za mu ga cewa akwai hannaye uku da ke wannan aiki a ɓoye: kyamara, editin da sauti.

Kyamara

Mu ɗauki madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan kogin Rima. Idan mai ɗaukar hoto ya tsaya nesa da sassafe, ya kafa kyamara ba motsi, ga ruwa kwance, ga masunci cikin kwalekwale, mai kallo zai ji natsuwa. Idan kuwa ya matsa kusa da ƙofofin da ake sakin ruwa, ya durƙusa ya ɗauko daga ƙasa, hannunsa na rawa, duk wanda ya ga ambaliyar 2010 sai hankalinsa ya tashi. Ruwan bai canza ba, wurin tsayuwar kyamara ne ya canza.

Haka abin yake ga mutum. In aka ɗauke shi daga ƙasa sai ya yi kwarjini kamar basarake a kan doki. In aka ɗauke shi daga sama sai ya ƙanƙance, ya ba da tausayi. In aka cika allo da fuskarsa, an hana mu kallon komai sai abin da ke ransa.

Editin

Editin shi ne yanke hotuna da jera su. Kimanin shekara 100 da suka wuce, wani mai shirya fim a Rasha, Lef Kuleshof, ya ɗauki fuskar ɗan wasa wadda ba fara'a ba fushi. Ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawa a cikin akwati, sannan da yarinya tana wasa. Masu kallo suka yi ta yabon ɗan wasan, wai ya nuna yunwa, ya nuna baƙin ciki, ya nuna ƙauna. Alhali hoto ɗaya ne aka maimaita.

Mu ma mun gwada da wayar malaminmu. Mun ɗauki fuskar wani ɗan ƙungiyarmu yana kallon gefe. Da muka biyo ta da hoton kwanon tuwo, 'yan aji ɗaya suka ce yunwa yake ji. Da muka biyo ta da hoton bulala a kan tebur, 'yan aji biyu suka rantse tsoro ne a idonsa.

Saurin yanka ma yana da aikinsa. Yanka gajere-gajere yana sa zuciya bugawa, shi ya sa ake yin sa a wurin faɗa da gudu. Hoto mai tsawo kuwa yakan sanyaya jiki.

Sauti

A fim ɗin Jaws na Amurka, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni a 1975, ƙaton kifin da aka ƙera ya yi ta lalacewa lokacin ɗauka, dole aka rage nuna shi. Kiɗan John Williams, mai amo biyu da ke maimaituwa suna ƙara sauri, shi ya riƙa sanar da mutane cewa kifin ya matso. Abin da ba su gani ba ya fi firgita su. A fina-finanmu kuwa, da an ji siririyar sarewa an san hawaye na tafe. Wani lokaci ma ɗauke sautin ake yi ɗif, shirun ya fi kiɗa nauyi.

Ina ruwanmu da wannan?

Yankinmu na Wurno, Rabah da Goronyo ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kowa a tsorace yake. Dabarun nan uku kuma duk mai waya zai iya yin su. Ana iya ɗauko tsohon bidiyo na wani gari, a yanke farkonsa, a ɗora masa ƙarar bindiga da kururuwa, a saka a WhatsApp da sunan ƙauyenmu. Kafin a gano gaskiya kasuwa ta watse, iyaye sun kwashe yara daga makaranta.

Don haka kafin mu tura bidiyo, mu tambayi kanmu: wa ya ɗauka, yaushe, a ina? Me aka yanke kafin nan da bayan nan? In an kashe sauti, me idona ya gani da kansa?

Aikin gida

Ku zaɓi fitowa ɗaya a shirin Labarina na Aminu Saira. Ku kalle ta da sauti, ku sake kallo babu sauti, ku ƙirga sau nawa aka yanka hoto a minti 1. Ku rubuta abin da ya canza a ranku, ku jefa a akwatin ƙungiya kafin Alhamis. Za mu liƙa amsoshi 3 mafi kyau a wannan bango mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta